Gida mai lambu, bene a cikin gari ko gidan HLM: wanne ya dace da kai a Faransa?

Duk wanda ya ɗan jima a Faransa, ya samu takardar zama da aikin da ke kawo albashi kowane wata, akwai ranar da tambayar gida ke tsare shi. Yawanci ranar da aka yi haihuwa ta biyu ko ta uku ce, aka duba ɗakin da ake ciki aka rasa inda za a kafa gadon jariri. Abokan aikinka Faransawa za su ce ka sayi gida mai lambu ko da nesa ne. 'Yan'uwan da suka riga ka zuwa za su ce ka nemi HLM, wato gidajen hukuma masu rangwamen haya, ka huta. Kai kuma zuciyarka tana cikin gari, kusa da aiki, kusa da masallaci da shagon da ake samun gero da busasshiyar kuɓewa. Kowa gaskiyarsa yake faɗa maka, sai dai kowa da abin da ya taso ya tarar ana kira gida. Kafin ka ɗauki shawarar Bafaranshe, yana da kyau ka san daga ina ta fito.

Abin da ya sa Bafaranshe ke mafarkin shinge

An sha tambayar Faransawa irin gidan da suke so, kuma amsar ba ta cika canjawa ba: kusan uku cikin huɗu, ko ma fiye, suna son gida nasu na kansu, ba a haɗe da na kowa ba, da ɗan fili a baya. Wannan so yana da asali. Faransa ta daɗe tana ƙasar manoma, sai wajen 1931 mazauna birni suka fi na karkara yawa. Dokar zaman jama'a ta Napoleon ta 1804 ta ɗaukaka mallaka ƙwarai, har ta rubuta cewa kowane mai fili yana da 'yancin kewaye filinsa. A 1896 wani limamin coci, Abbé Lemire, ya kafa ƙungiyar da ke samar wa leburorin masana'antu 'yan kadada su shuka kayan miya. A 1928 dokar Loucheur ta bai wa masu ƙaramin ƙarfi rance mai sauƙi, suka cika gefen Faris da ƙananan gidajen da suke kira pabiyon.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga ƙarancin muhalli mai tsanani. A sanyin 1954 wani limamin coci, Abbé Pierre, ya yi kiransa a rediyo saboda mutanen da ke mutuwa a titi, gwamnati ta duƙufa gina dogayen benaye masu ɗaruruwan ɗakuna, irin na Sarcelles, a gefen Faris, da aka fara a 1955. Da farko an yi murna, domin akwai ruwan famfo da banɗaki a ciki. Ba a jima ba aka fara ƙorafin nisa da kaɗaici. A 1973 aka dakatar da irin wannan gini, a 1977 kuma aka sauya tsarin tallafi ta yadda zai taimaki mutum ya sayi nasa. Masu hali suka fice zuwa pabiyon, benayen suka zama na waɗanda ba su da zaɓi, da yawansu baƙi. Shi ya sa idan Bafaranshe ya ce maka "ka zuba kuɗinka a dutse", wato a gini, ba lissafi kawai yake yi ba, labarin iyayensa yake ba ka. A 2021 ministar gidaje, Emmanuelle Wargon, ta ce tsarin gida mai lambu nesa da gari ba shi da ma'ana ta fuskar muhalli da tattalin arziki. Ƙurar da ta tashi sai da ta sa ta fito ta sassauta maganar.

Akwai kuma mafarki na biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Tun da Baron Haussmann ya rushe tsohuwar Faris ya sake gina ta tsakanin 1853 da 1870, zama a bene na dutse a tsakiyar birni ya zama alamar wadata. A Amurka mai kuɗi yakan gudu bayan gari. A Faris da Liyon da Bordo, mai kuɗi yana tsakiya, yana sauka da ƙafa ya sayi burodinsa.

Abu ɗaya nake so ɗan'uwa ya riƙe tun daga nan. Idan ka ga pabiyon da shingensa, zai tuna maka gidanmu mai katanga da tsakar gida, har ka ji ranka ya kwanta. Amma katangarmu tana da zaure, kuma zauren a buɗe yake ga duk wanda ya yi sallama. Shingen Bafaranshe ba shi da zaure. Ƙofa ce da ƙararrawa da akwatin wasiƙa, kuma ko ƙaninsa ne sai ya buga waya kafin ya zo. Shi ya kewaye gidansa ne don a ƙyale shi. Mu mukan kewaye namu don mu karɓi mutane cikin sutura.

Ma'aunin da zan bi

Zan auna kowane zaɓi da kuɗin shiga da na wata-wata, da ƙarkon ginin da na zamanka a ciki, da sauƙin samu da sauƙin rayuwar yau da kullum, da haɗarin da ke ɓoye. Na ƙara na biyar wanda dillalan Faransa ba za su taɓa tambayarka ba: baƙi nawa ke shigo maka, kuma gidan zai ɗauke su? Ka kuma san yadda suke ƙirga: T3 na nufin falo da ɗakin kwana biyu, ba a sa kicin da banɗaki a lissafi.

Gida mai lambu a bayan gari

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne mutanenmu suka fi ruɗuwa.

Kusan ba a cika samun irin wannan gida haya ba, saye ake yi, kuma saye na nufin banki. Tun 2022 doka ta tilasta wa bankuna kada biyan bashi ya wuce kashi 35 cikin 100 na abin da iyali ke samu, kuma kada wa'adin ya wuce shekara 25. Mu ɗauki misali: gida na Yuro 250,000. Kuɗin notar, wato jami'in da ke tabbatar da ciniki ya karɓi harajin gwamnati, kashi 7 zuwa 8 ne a tsohon gida, kusan Yuro 19,000 ke nan, kuma banki yakan so ka kawo su daga aljihunka. Idan ka ranci 220,000 a kan ruwa kashi 3.5 na shekara 25, za ka riƙa biyan kusan 1,100 a wata, ban da inshorar bashin. Don banki ya saurare ka, sai albashinku ya haura 3,200 a wata. Miji da mata da ke kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya ɗan haura 1,400 kowanne, ba su kai ba. Abin da suke yi sai su ƙara nisa, kilomita 40 ko 60 daga gari, inda fili ke da araha. Nan matsalar take farawa.

A irin waɗannan unguwanni babu abin da ake yi da ƙafa. Burodi mota, makaranta mota, likita mota, Juma'a mota. Iyali ɗaya mota biyu, da mai da inshora da gyara. Zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa da ta ɓarke ranar 17 ga Nuwamban 2018 a kan ƙarin harajin mai, mutanen waɗannan wurare ne suka fi cika ta, kuma ba banza suka zaɓi shataletale su tare ba: nan ne rayuwarsu ke bi kullum. Idan uwargida ba ta da lasisin tuƙi, ka ajiye maganar pabiyon har sai ta samu. Na taɓa kai ziyara wata irin wannan unguwa ranar Lahadi da la'asar. Gidaje ashirin masu kama ɗaya, kowanne da shingen itace da aka aske daidai da tsayin mutum, tagogi a rufe da murafunsu, babu ko yaro ɗaya a titi, sai ƙarar injin yanke ciyawa daga wani wuri da ba ka gani. Matar gidan da na je ta ce mini tun safiyar Litinin har Juma'a ba ta magana da babban mutum sai mijinta ya dawo. Gidan yana da kyau, da bishiyar tuffa a baya. Amma idonta ya nuna abin da bakinta bai ƙarasa ba.

Ta fuskar ƙarko, gidan naka ne har jikoki, kuma idan ka sayar da gidan da kake zaune ciki ba a karɓar harajin riba. Sabon gini yana da garanti na shekara 10 a kan manyan lahani, kuɗin notar ɗinsa kuma kashi 2 zuwa 3 ne kawai. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: rufi, tukunyar ɗumama gida, magudanar ruwa, duk a wuyanka suke, ga harajin fili da ake biya kowace kaka. Babban haɗarin da ba a gani da ido shi ne laka. Sama da gidaje miliyan 10 a Faransa suna zaune a kan ƙasa mai yumɓu da ke kumbura da damina ta tsuke da fari, bango ya tsage. Farin 2022 ya tsaga gidaje masu yawa. Akwai shafin gwamnati mai suna Géorisques, ka sa adireshin ka duba kafin ka sa hannu, kuma ko bayan ka sa hannu a yarjejeniyar farko kana da kwana 10 na janyewa ba tare da asara ba.

Baƙi fa? A nan pabiyon ya yi zarra. Za ka iya yin suna, a shimfiɗa tabarmi a lambu, a dafa tuwo a babbar tukunya, yara su yi guje-guje babu wanda zai buga maka silin da sanda. Idan Hajiya za ta zo jego, takardar karɓar baƙo da ake nema a ofishin magajin gari ba za ta ba ka wuya ba, tunda suna duba girman gida. Amma kada ka yi zaton lambu ya ba ka damar yanka ragon layya a gida. Doka ta hana, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Kuma baƙin nan da ka tanadar wa wuri, ka tambayi kanka ko za su iya zuwa inda jirgin ƙasa ba ya kaiwa.

Saura maganar ruwa. Mafi yawan bashin gida a Faransa ruwansa tsayayye ne daga farko har ƙarshe, abin da ke sa lissafi sauƙi, amma ruwa ne. A misalin da na bayar, abin da ke hawa kan uwar kuɗi ya kai kusan Yuro 110,000. Akwai 'yan kamfanoni da ke yin tsarin murabaha, sai dai kaɗan ne kuma sukan nemi kafin alƙalami mai nauyi. Wannan magana ce tsakaninka da malaminka da zuciyarka, kuma gara a gama ta kafin a je ganin gida, don idan ido ya ga lambu lissafi yakan rikice. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Bene a cikin gari: haya ko saye

Farashi a nan ya dogara kacokan da garin. A Faris murabba'in mita ɗaya ya haura Yuro 10,000 a 2019, ya ɗan sauko ƙasa da haka tun 2023. A kuɗin sefa, sama da miliyan 6 ke nan don wurin da bai fi shimfiɗar sallaya ba. A Liyon kusan rabin haka ne, Marsai ƙasa da Liyon, a Saint-Étienne kuwa ba ya kai 2,000. Don haka T3 da ba za ka taɓa iya saye a Faris ba, a Saint-Étienne ma'aikaci na iya mallakarsa.

Haya ita ce ƙofar da kusan kowa ke shigowa ta cikinta, kuma dokarta tana kare mai haya sosai. Gida marar kaya yarjejeniyarsa shekara 3 ce mai sabunta kanta, kuɗin ajiya na wata ɗaya. Mai kaya shekara 1, ko wata 9 ga ɗalibi, ajiya har wata biyu. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da kowa daga gida saboda sanyi. A Faris, Lil, Liyon, Bordo da Montpellier an ƙayyade iyakar kuɗin haya. Idan kuɗin shigarka kaɗan ne, akwai tallafin haya na APL da CAF, hukumar tallafin iyali, ke biya.

Wannan kariyar ce kuma ke sa samun hayar wuya. Tunda mai gida ya san fitar da kai aiki ne, sai ya tsananta tun daga ƙofa: albashi ninki uku na kuɗin haya, aikin dindindin da suke kira CDI, takardun albashi na wata uku, takardar haraji, da wanda zai tsaya maka. Na san yadda ake tsayawa a matattakala, mutum goma sha biyar a layi, kowa rungume da fayil ɗinsa, a ba ku minti biyar-biyar ku leƙa ɗaki. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gwaje-gwajen da aka yi a Faransa sun nuna mai sunan Afirka ko na Larabawa ya fi shan wuya kafin a kira shi, duk da doka ta haramta hakan kuma ana iya kai ƙara wurin Défenseur des droits, hukumar kare haƙƙin jama'a. Wanda ba shi da mai tsaya masa ya nemi Visale, garanti ne na kyauta daga Action Logement, hukumar da ke taimaka wa ma'aikata su samu gida, musamman ga 'yan shekara 30 zuwa ƙasa.

Idan saye za ka yi, ka sani ba ɗaki kaɗai ka saya ba, ka shiga tarayya ne da duk masu ginin, a ƙarƙashin dokar 1965. Akwai wakilin da ke kula da ginin, sandik, akwai taron shekara inda ake kaɗa ƙuri'a. Idan masu rinjaye suka ce a gyara rufi ko a sa lif, za ka biya kasonka ko ka yarda ko ba ka yarda ba. A Faris wajibi ne a gyara fuskar gini duk shekara 10. Mai sayarwa dole ya ba ka rahoton tarukan shekara uku da suka wuce. Ka karanta su layi-layi, domin a nan za ka ga ko maƙwabta na biyan kasonsu da irin aikin da ke tafe. Ginin da masu shi suka daina biya yakan ruɓe a tsaye. Ranar 5 ga Nuwamban 2018 tsofaffin benaye biyu suka rufta a titin Aubagne a Marsai, mutum 8 suka rasu.

Ka duba harafin DPE, ma'aunin yadda gida ke shan makamashi, daga A zuwa G. Tun 1 ga Janairun 2025 an hana ba da sabuwar hayar gida mai G, F zai biyo baya a 2028, E a 2034. Ga mai haya, F ko G na nufin kuɗin wuta mai zafi da sanyi a ƙashi. Ga mai saye, arahar da ka gani gyara ce ke jiranka. Hawan ƙarshe a tsofaffin benayen Faris, ƙarƙashin rufin kwano, inda a da 'yan aikin gida ke kwana, yana da sauƙin kuɗi, amma tanda ne da bazara. Zafin 2003 ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa. Kada ka ce kai ɗan Damagaram ne zafi ba ya damunka, ɗakin da iska ba ta ratsawa wani abu ne dabam.

Sauƙin rayuwa kuwa babu kamarsa. Ba ka buƙatar mota, katin sufuri na wata a yankin Faris kusan Yuro 90 ne kuma wurin aiki na biyan rabi. Asibiti, makaranta, kasuwa, masallaci, duk a kusa. Inda ake gwabzawa shi ne hayaniya. Bafaranshe yana ɗaukar shiru a matsayin haƙƙinsa. Daga ƙarfe 10 na dare maƙwabci na iya kiran 'yan sanda, tara Yuro 68. Turmi a hawa na huɗu, hira bayan sallar tarawihi, yara shida a falo ranar suna, duk sai da lallashi. Abin da na ga yana aiki shi ne abin da su ma suke yi: ka liƙa 'yar takarda a bakin lif kana sanar da cewa ranar kaza za a yi taro, a yi haƙuri, sannan ka aika wa na ƙasanka kwanon abinci.

Gidan HLM

Waɗannan gidaje ne masu rangwamen haya, sama da miliyan 5 a ƙasar, mutum kusan miliyan 10 ke ciki. Kuɗin haya a matsakaici wajen Yuro 6 ne kan murabba'in mita, alhali a kasuwar Faris ya ninka haka sau huɗu ko fiye. Babu kuɗin dillali, manyan gyare-gyare na hukumar ne, kuma muddin kana biya kana bin ƙa'ida, zamanka ba shi da wa'adi. Ga iyali mai yara huɗu da albashi ɗaya, babu wata hanyar samun T4 ko T5 a kusa da babban birni in ba wannan ba.

Wuyar ita ce jira. Masu nema sun haura miliyan 2 da rabi. Sai kana da takardar zama mai aiki, kuɗin shigarka bai wuce iyakar da aka sa ba, ka yi rajista a ba ka lamba, kuma ka sabunta kowace shekara. Wanda ya manta bai sabunta ba, shekarun da ya tara sun tafi. A Faris da kewaye jira na iya cin shekaru masu yawa, a ƙananan garuruwa watanni. Ka tambaya a wurin aikinka ko suna da kaso ta hanyar Action Logement, kuma idan halin da kake ciki ya yi muni, dokar DALO ta 2007 ta ba ka damar neman a sa ka a gaba.

Mutane na jin HLM sai su tuna hotunan tarzomar 2005 da ta taso daga Clichy-sous-Bois. Akwai unguwannin da lif ke mutuwa mako guda, matasa na tare ƙofar shiga, wannan gaskiya ne. Amma tun dokar SRU ta 2000, wadda ta wajabta wa garuruwa kashi 20 na irin waɗannan gidaje, aka ɗaga zuwa 25 a 2013, ana gina ƙananan benayen HLM a tsakiyar unguwannin masu hali, ba za ka bambance su da na kusa ba. Haɗarin shi ne ba kai ke zaɓa ba, kuma adireshinka shi ke yanke makarantar gwamnatin da yaranka za su shiga. Idan aka ba ka tayi, ka je unguwar sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, ka tsaya bakin makarantar lokacin tashi. Ta fannin zumunci kuwa, a nan ne za ka fi jin kamar gida: maƙwabciya 'yar Mali da za ta riƙe miki yara, ƙamshin girki a matattakala, mutanen da suka san mene ne zaman makoki. Abin da babu shi ne gado. Shekara talatin kana biya, ba ka bar wa 'ya'ya ko bulo ɗaya ba, kuma doka ta hana ka ba wani haya a ɓoye.

Tsohon gida a ƙaramin gari

A garuruwan tsakiyar ƙasar kamar yankin Creuse ko Nièvre ana samun gidan dutse ƙasa da Yuro 100,000. Araha ba ta ado: aiki kaɗan ne, likita na wuyar samu, gyaran zai iya cin kuɗin sayen, kuma sake sayarwa na ɗaukar lokaci. Sai ga wanda aikinsa na can ko yake aiki ta intanet.

| Ma'auni | Gida mai lambu | Bene, haya | Bene, saye | HLM |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Mai nauyi: notar da kafin alƙalami | Ajiyar wata 1 ko 2 da dillali | Mai nauyi, ya danganta da gari | Ajiyar wata 1 |
| Na wata-wata | Bashi, haraji, mota biyu | Haya mai tsada | Bashi, kason gini, haraji | Mafi sauƙi |
| Ƙarko | Naka ne, gyara naka | Shekara 1 ko 3, ana sabuntawa | Naka ne, gyara da ƙuri'a | Babu wa'adi, babu gado |
| Sauƙin samu | Sai banki ya yarda | Sai fayil mai ƙarfi | Sai banki ya yarda | Dogon jira |
| Babban haɗari | Nisa, kaɗaici, tsagewar bango | Wariya, DPE mara kyau | Ginin da ba a kula da shi | Unguwar da ba ka zaɓa ba |
| Baƙi da taro | Wuri isasshe, zuwa da wuya | Matsi, sai da lallashi | Matsi, sai da lallashi | Matsakaici, maƙwabta sun saba |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko wanda bai shekara biyu da zuwa ba, ya kama haya mai kaya kusa da layin jirgi, ya nemi Visale, da APL idan ya cancanta, kuma ya yi rajistar HLM a makon da takardarsa ta fito, ko da ba ya buƙata yanzu, domin shekarun jira daga ranar suke fara ƙirguwa.

Mai shirin kawo iyali daga gida ya duba mita kafin komai. Ana neman murabba'in mita 22 ga miji da mata a manyan birane, 24 ko 28 a sauran yankuna, da ƙarin 10 kan kowane yaro. Ɗaki mai kyau da ya gaza wannan zai jawo a ƙi takardarka.

Iyali mai yara da yawa da albashi ɗaya, HLM, kuma a faɗaɗa garuruwan da aka rubuta a takardar nema maimakon a kafe a kan unguwa ɗaya. Haka ma wanda zuciyarsa ba ta natsu da bashi mai ruwa ba, ko wanda niyyarsa ya yi gini a Maraɗi ko Kano ya koma: haya mai sauƙi a nan, tubali a can.

Miji da mata masu CDI biyu, da ke aiki a cikin gari kuma suka san za su zauna aƙalla shekara bakwai ko takwas, su sayi bene a gari matsakaici, mai DPE daga A zuwa D, bayan sun karanta rahoton taruka. Ƙasa da waɗannan shekaru, kuɗin notar da ruwan shekarun farko sukan cinye amfanin sayen.

Gida mai lambu na bar shi ga iyalin da suka cika sharaɗi huɗu: albashi biyu tabbatattu, lasisin tuƙi biyu, tashar jirgi da yaro ɗan sakandare zai iya kaiwa da ƙafa ko keke, da aƙalla gida biyu ko uku na mutanen da kuka saba da su a cikin tafiyar minti ashirin. In ɗaya ya ɓace, musamman na ƙarshen, ku kama hayar gida a yankin ku yi sanyi ɗaya cikakke, daga Nuwamba zuwa Maris, kafin ku je wurin notar.